Zauren Tambaya da Amsa: Neman tallafin gidauniya don aikin lafiya a garuruwanmu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda ƙungiyar gari ko ta mata ko ta matasa za ta samu tallafin kuɗi daga gidauniyoyi don aikin lafiya. Na zaɓo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a nan jihar Jigawa. Ba mu da asibiti sai wani ɗan sha-ka-tafi mai ɗaki biyu, mace in naƙuda ta zo da gardama sai an nemo mota an kai ta babban asibiti, da damina kuwa hanyar ba ta biyuwa, mun rasa mata ba ɗaya ba ba biyu ba. Mun rubuta wa manyan gidauniyoyi takarda muna roƙon su gina mana asibiti amma har yau shiru. Don Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya abin da suka bari. Wallahi irin wannan saƙon shi ya fi taɓa ni, don na san ba neman abin duniya ya sa kuka ɗauki biro ba.

Abu na farko, gidauniyoyin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma mutanenmu sun fi sanin sunan waɗanda ba sa karɓar takardar roƙo. Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa tun 1994, da ta Gates, yawanci su ke tsara aikinsu da kansu, su zauna da gwamnatin tarayya ko ta jiha ko wata babbar ƙungiya su sa hannu a yarjejeniya, kamar yadda suka yi da Kano da Bauchi kan rigakafin yara. Haka ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu da ta fara a 2021, ta fi ba jami'o'i da gwamnatocin jihohi da manyan hukumomi. Ba wai sun raina ku ba ne, ƙofar da kuka ƙwanƙwasa ce ba ta nan ake shiga ba. Akwai kuma masu buɗe ƙofa su ce ga lokacin nema ya zo, ga fom, ga ranar rufewa. Gidauniyar TY Danjuma da ke Abuja, wadda Janar Danjuma ya kafa a 2009, tana cikin irin waɗannan, lafiya da ilimi su ne manyan fannoninta kuma ƙungiyoyin cikin gida take ba wa. Akwai ACT Foundation a Legas. Ofishin jakadancin Japan yana da shirin da suke kira GGP, na ƙananan ayyuka a karkara irin su ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse da ajujuwa. Gidauniyar MTN ma ta sha buɗe shirin da jama'a ke gabatar da sunan garinsu. Kowacce tana da nata sharuɗɗa, wata ma jihohin da take aiki ƙididdigaggu ne, don haka kafin ku rubuta ko layi ɗaya sai ku sa wani yaronku mai waya ya shiga shafinsu na intanet ya karanto muku wa suke ba wa, a ina, kuma don wane aiki. In jiharku ba ta ciki kar ku wahalar da kanku.

Na biyu kuma shi ne wanda nake so mu tsaya a kai, wato ginin kansa. Duk wanda ya taɓa zaga ƙauyukanmu ya ga asibitin da aka gina aka yi fenti aka yanka zare, yau awaki ne ke kwana a barandarsa saboda babu ma'aikaci babu magani. Masu ba da tallafi sun ga irinsu fiye da ni da kai. To da zarar sun ga takarda ta ce a gina mana asibiti, tambayar da ke zuwa ransu ita ce wa zai zauna a ciki, wa zai biya shi albashi, wa zai zuba magani bayan shekara ɗaya. In takardarku ba ta amsa wannan ba to ta faɗi tun a shafin farko. Amsar kuwa ba a hannunku take ba, tana hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, su ke tura ma'aikata. Sai ku je musu tukuna, da dagaci da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa wanda ake ce wa WDC, ku nemi takarda a rubuce da sa hannu da hatimi cewa sun san da aikin kuma za su tura ungozoma in an gama. Wannan takarda guda ɗaya ta fi shafi ashirin na kuka nauyi.

Ku kuma tambaya ko asibitin mazaɓarku yana cikin masu karɓar kuɗin BHCPF, wato asusun gwamnati na kula da lafiya matakin farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta tanadi wannan asusu, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma tsarin shi ne a samu aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa da kuɗin ke shiga asusunsa kai tsaye, kwamitin mazaɓa yana sa ido. Garuruwa da yawa suna can suna neman na waje alhali wannan haƙƙinsu ne kuma ba su taɓa tambayar inda ya kwana ba.

Sannan Malam, ka sake karanta saƙonka. Abin da ke kashe matan nan kai da kanka ka faɗe shi, mota da hanya. Masana harkar haihuwa suna maganar jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a cikin gari suke, kuma ba sai an zuba siminti ake gyara su ba. An yi shirin direbobin tasha na ƙungiyar NURTW masu ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, an yi asusun gaggawa na unguwa da ake tara ɗan abin da ya samu, an yi jerin masu ba da jini da lambobin wayarsu. In da ni ne ku, abin da zan nema a karon farko shi ne gyaran sha-ka-tafin da kuke da shi, a ƙara ɗakin haihuwa ɗaya, a sa sola da ruwa da banɗaki, a gyara wurin kwanan ungozoma don ta yarda ta kwana a garin, sannan a horar da direbobi da matan da za su riƙa bi gida-gida suna faɗakarwa kan alamun haɗari irin su zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda. Wannan aiki ne da za a iya ƙirga kuɗinsa, a iya zuwa a gani da ido, kuma in kuka riƙe amanarsa shi zai buɗe muku ƙofar babban.

TAMBAYA: Mu matasa ne a wata unguwa a Gusau, shekara uku muna yashe kwata da rabon gidan sauro da kai marasa lafiya asibiti da kuɗin aljihunmu. An ce sai muna da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, za a kula mu. Dole ne? Kuma yaya ake yi?

AMSA: Allah Ya yi muku albarka ƙannena, shekara uku da kuɗin aljihu ba wasa ba ne. Ga manyan gidauniyoyi kam eh, kusan dole ne, saboda ba wanda zai tura miliyoyi asusun mutum ɗaya komai kirkinsa. Rajistar da ta dace da ku ita ce ta amintattu, ba ta kamfani ko sunan kasuwanci ba, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za ku zaɓi suna a duba ko wani bai riga ku ba, ku fitar da amintattu aƙalla biyu, ku rubuta kundin tsarin mulkin ƙungiya da bayanin taron da aka zaɓe su, a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan satifiket ya fito. Bayan nan sai lambar haraji ta TIN, da takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna da yawa ke tambaya kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Asusun kuma ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu, kar shugaba da matarsa da ƙaninsa su zama su ne amintattu su ne masu sa hannu, ana lura da wannan sosai. Ku tuna kowace shekara akwai rahoton da ake mayar wa CAC, mutane suna mantawa sai ranar da ake neman takardun gaggawa a tarar ƙungiya tana bin bashin shekaru.

Amma kar ku tsaya cak kuna jiran CAC. Ku fara da rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha da ke kula da ƙungiyoyi, ba ta da tsada, kuma da ita za ku iya aiki a ƙarƙashin babbar ƙungiya. Ai yawancin kuɗin da ke isa unguwanni ta haka yake bi, misali a kuɗin zazzaɓin cizon sauro na asusun duniya da ake kira Global Fund akwai gamayyar ƙungiyoyi ta ACOMIN da ke ɗaukar ƙananan ƙungiyoyi a jihohi. Ku nemi reshen jiharku ku shiga ana damawa da ku.

Abin da ya fi damuna a saƙonku shi ne ban ji kun ambaci rubutu ba. Wannan shekara ukun, akwai littafin da kuka rubuta ranar kaza mun yashe kwatar layin kaza, mutum kaza suka fito, an kashe kaza? Akwai hotuna masu kwanan wata? Rasit? Takardar yabo daga mai unguwa ko shugaban asibiti? In babu ku sayi babban littafi yau ɗin nan ku fara, ku kuma zauna ku tattaro na baya daga wayoyinku. Gidauniyoyi da dama suna son ganin aikin shekara biyu ko fiye da rahoton kuɗi da akanta ya duba, to aikin kun yi shi, shaidar ce za ta iya kayar da ku.

TAMBAYA: Ni tsohuwar ungozoma ce na yi ritaya, ina Zariya. Muna da ƙungiyar mata muna shiga gidaje muna jan hankalin masu ciki su je awo. Mun ga sanarwar tallafi amma fom ɗin duk Turanci ne mai wuya, wani ya ce mu ba shi kuɗi ya rubuto mana furofozal, wato takardar neman tallafin, mai kyau. Mu ba shi?

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri Ya ƙara lafiya. Neman wanda zai taya ku rubutu ba laifi ba ne, amma akwai bambanci tsakanin mai juya maganarku zuwa Turanci da mai ɗauko tsohon furofozal daga kwamfutarsa ya canza sunan gari. Na biyun shi ya fi yawa, kuma masu tantancewa suna gane shi, don sukan ga jimla iri ɗaya daga ƙungiyoyi daban-daban a zama ɗaya. Kuma ko an dace an wuce, ranar da suka kira waya ko suka zo ziyara suka yi tambaya kan abin da ke rubuce sai a fara kallon-kallo.

Ku zauna ku rubuta da Hausa tukuna, ke kin fi duk wani mai Turanci sanin aikin nan. Tambayoyin fom komai tsawonsu a kan abu kaɗan suke yawo: mene ne matsalar, su wa ta shafa kuma su nawa ne, me za ku yi, cikin wata nawa, nawa zai ci, ta yaya za a gane an samu canji, kuma me zai faru in kuɗin ya ƙare.

Wajen bayanin matsala mutane kan cika shafi da alƙaluman ƙasa baki ɗaya. Layi ɗaya ya isa, misali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Wannan sun riga sun sani, wasunsu ma su suka biya kuɗin binciken. Abin da ba su da shi shi ne na unguwarku. Ki je wurin shugaban asibitin da kuke tura mata, da izini, ku buɗe rajistar awo da ta haihuwa, mace nawa ta zo awon farko bara, nawa suka kai zuwa huɗu, nawa suka dawo suka haihu a nan. Tazarar da ke tsakanin masu zuwa awo da masu dawowa haihuwa ita ce hujjarku, kuma ke kin san dalilanta ɗaya bayan ɗaya, ko kuɗin kayan haihuwa ne, ko maigida ba ya nan ba mai ba da izini, ko uwar miji ta ce mu a ɗaki muka haifi goma, ko tsoron faɗan ma'aikata, ko dare ya yi asibitin a rufe. Ki rubuta su yadda suke, ba sunan kowa, wannan shi ne abin da ɗan kwangilar rubutu ba zai taɓa iya ƙirƙirowa ba.

Wajen buri kuma kar ku ce za mu kawar da mutuwar mata masu juna biyu a Zariya, ba wanda zai yarda. Ku ce a cikin wata goma sha biyu, a unguwanni kaza, za mu ziyarci masu ciki kaza, muna so masu haihuwa a asibitin kaza su tashi daga kaza zuwa kaza, kuma rajistar asibitin ce shaida.

Sai bajet, inda aka fi faɗuwa. Kowane layi ya zama lissafi ne da yaro ɗan firamare zai iya bi, mace 20 sau kuɗin mota kaza sau fita takwas a wata sau wata goma sha biyu. Kar a rubuta wayar da kai naira miliyan biyu a dunƙule. Ku shiga kasuwa ku tambayo farashin gaske ku karɓo takardar farashi daga shago biyu ko uku, kar ku kumbura don wai za a rage, kuma kar ku ƙanƙance don a tausaya muku, yadda farashi ke tashi a ƙasar nan in kuka rage da yawa ku za ku kwana ciki a tsakiyar aiki. Ku sa kuɗin katin waya da data da takardu da cajin banki, halal ne kuma aiki ba ya tafiya sai da su. Sannan ku nuna naku gudummawar, ɗakin taron da mai unguwa ya ba ku kyauta, lokacin matan da ke fita ba albashi, ɗan adashin da kuke yi don masu naƙudar da ba su da hali, duk a ƙiyasta a rubuta.

In kun gama sai ku nemi ɗa ko jika, ga ɗaliban ABU nan a kusa da ku, ya juya muku, ya kuma karanta muku abin da ya rubuta yana fassarawa kina gyarawa. In za ku biya shi ku biya ladan aikinsa a gama, kar ku yarda da wanda zai ce a ba shi kaso in kuɗi ya fito, babu layin da za ku saka wannan a bajet, ƙarshenta sai an yi rasit na ƙarya. Ku bi adadin kalmomin da fom ya ce, ku haɗa duk takardun da aka lissafa, ku tura saura kwana biyu ko uku, kin san halin netwok ɗinmu a ranar ƙarshe. Ki duba kuma asusun ci gaban matan Afirka na AWDF da ke Accra, ƙungiyoyin da mata ke jagoranta suke ba wa, da reshen FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, na kusa da ku don haɗin gwiwa.

TAMBAYA: An turo min saƙo a WhatsApp wai wata gidauniya daga Dubai ta zaɓi ƙungiyarmu za ta ba mu dala dubu hamsin, amma mu fara tura naira dubu talatin kuɗin fom da tantancewa. Gaskiya ne?

AMSA: Damfara ce ɗan'uwa, kar ka tura ko sisi. Gidauniyar gaske ba ta sayar da fom, ba ta zaɓar wanda bai nema ba, ba ta cewa a tura kuɗi asusun wani mutum, kuma ba ta tambayar lambar BVN ko lambar sirrin katinka ta waya. Sukan saci tambari da hoton sanannun masu kuɗi su buɗe shafin Facebook na bogi, don haka ganin hoton babban mutum ba hujja ba ne. Haka wanda zai zo gari da jaka ya ce shi wakili ne kowace ƙungiya ta kawo kuɗin rajista, ku kai maganarsa gaban dagaci da 'yan sanda. Ka kuma faɗa wa sauran membobinku, musamman iyayenmu mata, su aka fi cuta da wannan.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake. Ƙungiyarmu tana taimaka wa yara masu tamowa a ƙauyuka biyu. Abin da kuke faɗi na Najeriya ne, mu fa?

AMSA: Sannu da aiki Malam, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Sunayen ofisoshi ne suka bambanta amma hanyar ɗaya ce. A wajenku takardar amincewa daga ma'aikatar cikin gida take fitowa, ana farawa ta hannun hukumomin yankinku, kuma a halin da ake ciki hukuma tana sa ido sosai kan ƙungiyoyi da inda kuɗinsu ke fitowa, don haka takardunku da rahotonku na shekara su zama a kammale kafin ku nemi ko dala ɗaya daga waje. Ku riƙe majo na likitar yankinku, wato shugaban asibitin, da kwamitin COGES mai kula da tafiyar da asibitin, da hukumomin gari, su ne shaidunku, alƙaluman yaran da aka auna kuma daga rajistar likita za ku ɗauko. Furofozal da Faransanci zai kasance. Gaskiya kuma kasuwar ta yi tsauri, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi suka janye ko suka rage, sannan a 2025 Amurka ta rufe hukumar USAID, abin da ya taɓa mu duka har nan Najeriya, masu nema sun ƙaru abin rabawa ya ragu. Saboda haka kar ku raina na gida, 'yan kasuwar Maraɗi da 'yan garinku mazauna Kano da Legas da Kwatano, in suka ga lissafi a fili suna bayarwa.

TAMBAYA: Wasu dattawan garinmu sun ce ba sa son kuɗin Turawa, wai akwai wata manufa a ƙasa. Ni kuma ina ganin muna buƙata. Ya zan yi da su?

AMSA: Kar ka yi musu kallon marasa wayewa, tsoronsu yana da asali. An yi gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Amma ka tuna musu da sauran labarin, dakatarwar ta sa cutar ta bazu har wasu ƙasashe, yara da yawa suka nakasa, kuma ba a ci nasara ba sai da aka dawo aka zauna da sarakuna da malamai suka shige gaba, har aka kai ga tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. Ba ɓoye-ɓoye ne ya gyara ba, zama da bayani ne.

To kai ma haka za ka yi. Kafin ku tura komai ka kai wa dagaci da liman da dattawan, a karanta musu da Hausa wace gidauniya ce, me take so, me za a yi a garin. In yarjejeniya ta zo a sake karantawa layi-layi. In akwai sharaɗin da ya saɓa wa addininku ko mutuncinku ku ce a cire, in an ƙi ku haƙura da kuɗin, ba dole. Hukunci na malamai ne, sai dai sananne ne a tarihi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar. In kuma duk da haka hankalinsu bai kwanta ba, ai ba Turawa kaɗai ke bayarwa ba, akwai hukumar zakka da waƙafi ta Sakkwato da ke taimaka wa marasa lafiya, akwai ta zakka da hubusi a Kano, akwai gidauniyar Jaiz, akwai masu hali na garinku da za a iya zama da su a yi maganar waƙafin shago ko gona da amfaninsa zai riƙa sayen magani. Sa ɗaya daga cikin dattawan nan a kwamitin sa ido, sau da yawa mai adawar farko shi ke zama mai tsaron aikin.

TAMBAYA: Alhamdulillah mu mun samu, an ba mu kuɗin gyaran rijiyar asibiti da banɗakuna. Ni ce ma'aji. Yanzu shugabanmu ya ce tunda an samu ragi a wajen mai aikin mu ɗauki sauran mu sayi magani mu raba, wai ai duk lafiya ce. Zuciyata ba ta kwanta ba.

AMSA: Ƙanwata zuciyarki ta faɗa miki gaskiya, kar ki sa hannu a wannan cakin. Na yarda niyyar shugaba mai kyau ce, magani ake buƙata ba ƙarya, amma kuɗin nan ba kyauta aka ba ku ku yi yadda kuka ga dama ba, amana ce aka ɗaura ta a kan aiki takamaimai kuma kun sa hannu. Hanyar mai sauƙi ce, ku rubuta wa jami'in da ke kula da tallafinku imel, ku ce mun gama rijiya da banɗakuna, ga rasit ga hotuna, an samu rarar naira kaza, muna neman izini mu yi kaza da ita. Sau da yawa sukan amince, wani lokaci su ce a ƙara wani abu da ya shafi ruwan kamar tanki ko wurin wanke hannu, wani lokaci su ce a mayar. Duk wanda suka faɗa ku bi, kuma amsar ta zama a rubuce, maganar waya ba ta kare kowa ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Ki kuma sani rabon magani ba aikin ƙungiya ba ne kai tsaye, ko an ba da izini ta hannun ma'aikatan asibiti zai bi.

Ki buɗe fayil ɗaya ki riƙa zuba komai, takardar yarjejeniya, bayanin asusu daga banki na kowane wata, takardun farashin da kuka karɓo kafin ku zaɓi mai aiki, rasit, takardar sa hannun duk wanda aka ba kuɗin mota. Ku rage biyan kuɗi hannu da hannu, taransfa ta fi don tana barin sawu. Rahoto ya tafi a kan lokaci ko da aikin bai kammala ba, in an samu tangarɗa ku faɗa da wuri, gidauniyoyi suna jin labarin juna kuma ƙungiyar da ta karkatar da kuɗi sau ɗaya ba ita kaɗai take shafa wa baƙin jini ba, har garin. Idan shugaba ya matsa miki, ki ce a kira taron amintattu a rubuta matsayar kowa a littafin taro, ki kuma nemi a liƙa lissafin abin da aka karɓa da abin da aka kashe a allon asibitin inda duk mai zuwa awo zai gani.

Masu tambaya kan motar ɗaukar marasa lafiya da kuma inshorar lafiya ta jiha, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.